Rumbun Wuta na Tafi-da-gidanka a Gidajen Abuja da kan Hanya

A 'yan shekarun nan wata na'ura ta samu gurbi a manyan shagunan kayan lantarki na Abuja, irin waɗanda ke Banex a Wuse II, wadda siffarta ta ƙaramin akwati ce mai hannun ɗauka, nauyinta kuma yakan kama daga 'yan kilo kaɗan zuwa fiye da arba'in gwargwadon girmanta. A cikin akwatin an tattara abubuwa huɗu da a da sai an sayi kowanne daban, an kuma kira mai gyaran wuta ya haɗa su a jikin bango: batirin litiyam mai ajiye wuta, da inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir zuwa irin wadda ke fitowa daga soket ɗin gida, da caja mai karɓar wuta daga layin gida ko farantin sola ko mota, sai wani ɗan allon lantarki da ke sa ido kan zafi da cikar ƙwayoyin batirin don kada su lalace. Kamfanonin da suka yi fice wajen ƙera ta sun haɗa da Jackery da aka kafa a Kalifoniya a 2012, da EcoFlow da aka kafa a birnin Shenzhen na ƙasar Sin a 2017, da Bluetti da Anker. Masu sayarwa da sunanta na Turanci suke kiranta, amma sunan da ya fi dacewa da aikinta a Hausa shi ne rumbun wuta, domin rumbu ba ya noma, abin da aka zuba masa kaɗai yake riƙewa, kuma mafi yawan kurakuran da masu saye suke yi daga manta wannan suke tasowa.

Ba za a fahimci dalilin karɓuwar na'urar ba sai an dubi halin da wutar lantarki take ciki a babban birnin tarayya. Abuja, wadda fadar gwamnati ta koma cikinta a hukumance ranar 12 ga Disamba 1991, tana maƙwabtaka da Jihar Neja mai manyan madatsun ruwan da ke samar da lantarki, wato Kainji da aka kammala a 1968, da Shiroro a 1990, da Zungeru mai ƙarfin megawat 700 da ta zo daga baya, amma wannan kusanci bai sa wuta ta wadata ba, saboda duk abin da madatsun suka samar babban layin ƙasa yake shiga a raba shi da sauran jihohi. Wutar da layin yake iya kaiwa ga jama'a takan tsaya tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000 a mafi yawan kwanaki, ga al'ummar da ta haura mutum miliyan 200. Hukumar NEPA da aka kafa a 1972 ta rikiɗe ta zama PHCN a 2005, sannan a Nuwamban 2013 aka fara miƙa rarraba wuta ga kamfanoni masu zaman kansu, inda kamfanin AEDC ya gaji Abuja tare da jihohin Neja da Kogi da Nasarawa, ko da yake har yau da sunan NEPA jama'a suke kiran wutar idan an kawo ko an ɗauke. Babban layin ya sha durƙushewa a 2024, kuma a Oktoban wannan shekara lalata layin Shiroro zuwa Kaduna ya bar yawancin jihohin Arewa cikin duhu fiye da mako guda, abin da mazauna Abuja masu iyali a Kano da Katsina da Zariya suka ji a jikinsu ta hanyar wayoyin 'yan'uwa da suka mutu babu caji.

Abin da ya fi tarihin nan tasiri ga mai son sayen rumbun wuta shi ne tsarin rukuni da hukumar NERC, mai sa ido kan harkar lantarki, ta shigo da shi a 2020, wanda ya kasa masu amfani da wuta gida biyar bisa adadin awannin da aka yi alkawarin ba su a kowace rana: rukunin A aƙalla awa 20, rukunin B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuwa awa 4. Rukunin yana bin layin da ke ciyar da unguwa ne, don haka gidaje biyu da titi ɗaya ya raba a Gwarinpa ko Kubwa za su iya faɗawa rukuni daban. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin rukunin A daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 a kan kowane yunit, sannan aka sassauta shi daga baya, ya tsaya a kan naira 209.50 a watan Yuli. Ma'anar wannan ga rumbun wuta a fili take: gidan da yake samun awa 18 ko 20 yana da giɓi ƙarami da zai cike da kuma isasshen lokacin da zai yi caji, gidan da yake samun awa huɗu kuwa, kamar yadda yakan faru a wasu sassan Mararaba da Nyanya da Gwagwalada da ƙauyukan Kuje da Kwali, yana da giɓin awa ashirin wanda babu akwatin da hannu zai iya ɗauka da zai rufe shi. Wannan ne ɓangaren lamarin da ya fi ciwo, domin na'urar ta fi yi wa wanda ya riga ya fi samun wuta amfani, wanda ya fi buƙatarta kuwa sai ya ƙara da farantin sola kafin ta yi masa rana.

Shekaru da dama janareta ne yake cike wannan giɓi, tun daga ƙaramin nan mai haɗa fetur da baƙin mai wanda ake ajiyewa a ƙofar shago har zuwa manyan masu shan dizal da ke bayan gidajen Maitama da Asokoro. Abin da ya karya wannan al'ada shi ne farashin mai. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafi a jawabinsa na karɓar mulki, ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma zarce naira 1,000 a Abuja a Oktoban 2024. Ƙaramin janareta da wuya ya ba da fiye da yunit ɗaya da rabi daga kowace lita, kuma idan abin da aka jona masa fanka biyu ne da 'yan ƙwayayen fitila, abin da yake bayarwa yakan gaza haka, tunda injin yana shan mai ko ana jan wutarsa ko ba a ja. Ga kuma ƙara da ke hana maƙwabta barci, da hayaƙi mai ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, wadda kuma ta sha hallaka iyali guda a dare ɗaya a garuruwan Nijeriya idan aka shigar da injin cikin baranda ko kicin don gudun ɓarayi ko ruwan sama. Rumbun wuta ba ya hayaƙi, ƙararsa kuma ba ta wuce ta 'yar fankar da ke sanyaya cikinsa ba, saboda haka ana iya ajiye shi kusa da gadon jariri ko na mara lafiya, kuma wannan fifiko ne da lissafin kuɗi ba ya nunawa.

Lambobi biyu ne ake rubutawa a jikin kowane rumbun wuta, kuma rikita su shi ne babban abin da ke jawo da-na-sani. Ta farko ita ce wat, ma'aunin ƙarfin wutar da na'urar za ta iya fitarwa a lokaci guda, wadda za a iya kwatanta ta da faɗin bakin famfo. Ta biyu ita ce wat-awa, ma'aunin yawan wutar da ke ajiye a ciki, wato girman tankin da famfon yake ja daga gare shi. Wat-awa 1,000 shi ne kilowat-awa ɗaya, wanda kuma shi ne yunit ɗaya na mitar kati da kowane ɗan haya a Abuja ya sani, don haka akwatin da ake yi wa kallon babba, mai nauyin kilo goma sha biyu, abin da ke cikinsa bai wuce yunit guda ba, wato wutar da kuɗinta bai kai naira 250 ba ko a rukunin A. Ko wannan yunit ɗin ma ba duka yake kaiwa ga soket ba, domin inbata tana cin kusan kashi 15 cikin ɗari wajen juya wutar, kuma tana ci gaba da ɗan lasa muddin tana kunne ko da babu abin da aka jona. Wasu 'yan kasuwa sukan kauce wa wat-awa su rubuta wata lamba mai yawan sifili da ake kira miliamfiya-awa, wadda aka saba gani a jikin fawa bankin waya, alhali fawa banki mai 20,000 na wannan ma'auni wat-awa 74 kacal yake riƙewa.

Ana ganin ma'anar waɗannan lambobi sosai idan aka ɗauki daren zafi na watan Maris a gida mai ɗaki biyu da falo a Kubwa, lokacin da zafin rana yakan kusanci digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, bango kuma ya kwana yana fitar da zafin da ya sha, kuma a irin wannan lokaci ne azumin 2024 da na 2025 suka faɗo. Idan aka ɗauke wuta da ƙarfe bakwai na yamma, aka jona fanka biyu na tsaye masu cin wat 55 kowacce, da ƙwan fitila huɗu masu wat 10, da talabijin da dikodarsa masu cin wat 80 a haɗe, jimillar abin da ake ja ta zama wat 230, kuma zuwa ƙarfe goma an cinye wat-awa 690 daga cikin 850 da akwatin yunit guda yake iya bayarwa. Abin da ya rage ba zai riƙe fankokin biyu fiye da awa ɗaya da rabi ba, wato kafin sha biyun dare lambar da ke kan gilashin na'urar ta sauka zuwa sifili, ta yi 'yar ƙara ta mutu, a daidai lokacin da yara suka fara barci. Idan kuwa aka haƙura da talabijin, aka kashe fitilu da ƙarfe goma, iyalin suka taru a ɗaki guda da fanka ɗaya, wat-awa 400 da suka rage za su kai su har kiran sallar asuba. Gidan da ya maye gurbin fankokinsa da irin masu batir, waɗanda ba sa cin fiye da wat 25, zai iya barin biyu a kunne har gari ya waye da akwati ɗaya, wanda ke nuna cewa rage cin kayan gida ya fi sayen babban akwati araha a lokuta da yawa.

Kayan da ke ɗumama abu ko juya babban inji suna da hukunci na daban. Dutsen guga yana jan wat 1,000 zuwa 2,000, butar lantarki ma haka, na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya tana jan kusan wat 800, wanda ke nufin za ta ƙarar da akwatin yunit guda cikin awa ɗaya. Firij yana da tasa ɗabi'ar: yana aiki da wat 100 zuwa 150 ne kawai, kuma injinsa yana hutawa tsakani, amma a daidai lokacin da injin zai tashi yakan finciki ninki uku ko fiye na wannan adadi na ɗan ƙiftawar ido, kuma idan inbatar ba ta da ƙarfin jure wannan fincika sai ta kashe kanta. Injin jan ruwa na rijiyar burtsatse, wanda gidaje da yawa a Lugbe da Karu da Dutsen Alhaji suka dogara da shi, ya fi firij wannan hali. A nan ne ake buƙatar inbata mai fitar da wuta mai santsi irin ta layin gwamnati, domin masu araha suna fitar da wuta mai gargada wadda ke sa injin firij da na fanka yin gurnani da zafi har su ƙone. Ga mai ciwon sukari da yake ajiye allurar insulin a firij, ko mai asma da yake buƙatar na'urar shaƙar magani a lokacin ƙurar hunturu, ƙaramin rumbu ma zai iya zama babban rufin asiri, amma na'urar da ke tace iskar oksijin ga mara lafiya a gida tana jan wat 300 zuwa 600 ba tsayawa, kuma iyalin da suka ɗora ran majinyaci a kan akwatin yunit guda sun dogara ne da abin da ba zai wuce awa biyu ko uku ba.

Irin batirin da ke ciki shi ke yanke tsawon ran na'urar. Batirin litiyam ya shiga kasuwa ne a 1991 ta hannun kamfanin Sony, kuma masana uku da suka share masa hanya, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, sun samu lambar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2019. Rumbunan farko sun yi amfani da nau'in da ke ɗauke da sinadaran nikel da kobalt, wanda ba shi da nauyi amma ƙarfinsa yakan fara raguwa bayan cikawa da juyewa sau 500 zuwa 800. Na baya-bayan nan sun koma ga nau'in da ake haɗawa da ƙarfe da fosfet, wanda ake taƙaita sunansa da LFP, wanda ayarin Goodenough suka bayyana a Jami'ar Texas cikin shekarun 1990. Ya fi nauyi, amma yakan jure kusan zagaye 3,000 kafin ya sauka zuwa kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa, kuma ya fi wuyar kamawa da wuta idan ya yi zafi. A garin da ake ɗauke wuta kowace rana, inda batir zai yi zagaye ɗaya kullum, wannan bambanci shi ne tsakanin shekara biyu da shekara takwas, don haka sayen tsohon nau'in don amfanin gida a Abuja kuskure ne ko da an karya farashinsa. Manyan baturan dalma masu ruwa, waɗanda aka saba haɗawa da inbatar bango, sun fi araha a ranar saye, sai dai ba a so a juye su fiye da rabi, suna buƙatar ƙarin ruwa lokaci-lokaci, kuma suna ɗaukar awanni takwas zuwa goma kafin su cika.

Saurin cika shi ne fifikon da ya fi dacewa da yanayin wutar Abuja, ko da yake ba a cika ambatonsa ba. Rumbunan zamani da yawa suna cika cikin awa ɗaya zuwa biyu daga soket, don haka ko da ƙarfe biyun dare aka kawo wuta aka ɗauke kafin asuba, akwatin ya samu rabonsa, abin da batirin dalma ba zai iya ba. Sai dai wannan sauri yana nufin na'urar tana jan wat 1,000 ko fiye a lokacin caji, wanda ya isa ya narka soket mai arha ko igiyar tsawaitawa mai siririyar waya irin da ta cika kasuwa. Akwai kuma matsalar wutar da ba ta da ƙarfi, wadda takan zo idan taransifomar unguwa ta ɗauki kaya fiye da ƙima, har ƙwan fitila ya yi ja fanka ta riƙa jan jiki. A irin wannan hali na'urar takan ƙi karɓar caji don kare kanta, mai ita kuma ya wayi gari ya tarar da ita wayam alhali an kwana da wuta. Wanda ɗan'uwa zai aiko masa da ita daga waje ya kamata ya san cewa wutar Nijeriya bolt 230 ce mai bugun 50 a daƙiƙa, ta Amurka da Kanada kuwa bolt 120 ce mai bugun 60, kuma akwatin da aka ƙera don kasuwar can ba zai tayar da firij ɗin nan ba, yana ma iya ƙonewa idan aka jona shi a bango. Wanda aka ƙera don Ingila shi ne ya yi daidai da soket mai ƙafa uku da ake amfani da shi a nan.

Farantin sola shi ne kaɗai hanyar da ke 'yantar da rumbun daga jiran layin gwamnati. Faranti mai lambar wat 200 yakan ba da kusan wat 150 a zahiri, kuma da yake Abuja tana samun abin da ya kai kimanin awa biyar na cikakkiyar rana a matsakaicin lissafi, zai iya zuba wat-awa 700 zuwa 800 a yini mai haske. Adadin yakan faɗi sosai a Yuli da Agusta lokacin da hadari ke rufe sama kwana da kwanaki, haka kuma a Disamba da Janairu ƙurar hunturu takan dusashe rana ta kuma kwanta a kan gilashin, sai an riƙa goge shi da tsumma mai laushi.

Lissafin kuɗi ya fi yadda masu talla suke nunawa sarƙaƙiya. Tunda daga waje ake shigo da na'urar, farashinta yana bin dala, kuma ya yi tsalle tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a Yunin 2023. Idan aka ƙaddara, don misali kawai, an sayi akwatin yunit guda a kan naira dubu 700, ya kuma cika zagayensa 3,000, zai ba da kusan yunit 2,300 a tsawon rayuwarsa, wato kowane yunit ya ɗauki kusan naira 300 daga kuɗin saye, a ƙara da kusan naira 270 na wutar da aka cika shi da ita a farashin rukunin A tare da asarar da ake yi a hanya, jimilla ƙasa da naira 600. Yunit ɗin ƙaramin janareta kuwa, idan lita tana naira 1,000, yana kamawa daga naira 700 zuwa sama a kuɗin fetur kaɗai, ban da baƙin mai da fulogi da kuɗin makaniki. Amma idan allon lantarkin akwatin ya mutu a shekara ta uku, bayan zagaye dubu ɗaya, kuma ba a samu mai gyara ba, kowane yunit da ya bayar ya tashi a kan fiye da naira 1,000, ribar ta koma asara. Duk fa'idar kuɗin ta rataya ne a kan shekarun da na'urar za ta yi tana aiki, wannan kuma ya rataya a kan ingancinta da samun gyara a cikin gida.

Idan har ana neman yawan wuta a kan kowace naira ne, inbatar bango da batirin litiyam na dindindin da faranti a kan rufi sun fi rumbun tafi-da-gidanka, kuma mai gidan kansa da yake da hali ya fi dacewa ya bi wannan hanya. Sai dai Abuja gari ne na 'yan haya, na ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa da masu yi wa ƙasa hidima waɗanda ke biyan kuɗin shekara guda a dunƙule, su tashi idan mai gida ya ƙara kuɗi ko an yi musu canjin wurin aiki, kuma mai gida ba kasafai yake yarda a huda masa rufi ko a taɓa masa wayoyin bango ba. Ga irin wannan mutum, na'urar da ba ta buƙatar izinin kowa, wadda za a ɗora a kan kayan ƙaura daga Lugbe zuwa Karu tare da katifa da tukunyar gas, ta cancanci ƙarin kuɗin da ke kanta, kuma a nan ne ainihin hujjarta take. Haka ma mai aski da tela da mai sana'ar POS da mai cajin waya, waɗanda ke rufe shago su tafi da kayan aikinsu gida don gudun fashin dare.

A fagen tafiya kuwa, hanyar mota a buɗe take, ta jirgin sama kuwa a rufe. Ƙa'idar sufurin jiragen sama ta duniya ta yarda fasinja ya shiga da batir har wat-awa 100 a jakar hannu, daga 100 zuwa 160 sai da amincewar kamfanin jirgin, abin da ya haura 160 kuwa haramun ne a jakar hannu da kuma cikin kayan da ake aunawa, saboda haka babu babban rumbun wuta da zai wuce bincike a filin jirgin Nnamdi Azikiwe, kuma alhazai da masu Umara da suke sha'awar sayo shi a Saudiyya ya kamata su san haka tun kafin su biya. A mota, soket ɗin kunna sigari yana ba da kusan wat 100 ne kawai, don haka tafiyar Abuja zuwa Kaduna ba za ta zuba fiye da kashi ɗaya cikin uku na akwatin yunit guda ba, ta Kano ma da ƙyar ta wuce rabi; abin da ya dace shi ne a cika shi a gida kafin a kama hanya. Amfaninsa yakan bayyana ne idan an isa, a hutun Sallah ko biki ko zaman makoki a ƙauyen da layin wuta bai kai ba ko taransifomarsa ta shekara a lalace, inda akwati ɗaya zai caja waya hamsin, ya haska tsakar gida, ya kuma riƙe lasifikar ɗaurin aure. Babban abokin gabarsa a hanya zafi ne, domin mafi yawan waɗannan batura ba a yarda a caja su sama da digiri 45 ba, cikin motar da aka rufe aka bari a rana kuwa yakan haura digiri 60, don haka wurinsa ƙasan kujera ne a inuwa, a ɗaure don kada ya yi tsalle a ramukan hanya, rasit ɗinsa kuma a kusa saboda shingayen kwastan.

Akwai wata al'ada mai haɗari da ta biyo mutane daga zamanin janareta, wato haɗa igiya mai kai biyu a soka ɗaya a na'ura, ɗaya a soket ɗin bango, don wutar ta zagaya gidan duka. Wutar da aka tura ta haka tana iya fita ta mita ta hau layin waje ta kashe ma'aikacin da yake gyara a kan falwaya yana zaton layin a mace yake, idan kuma aka kawo wuta ba zato sai inbatar ta ƙone nan take. Hanyar da ta dace ita ce a jona kaya kai tsaye a jikin na'urar, ko a sa ƙwararre ya ɗaura makunnin sauya layi, wanda masu gyaran wuta ke kira canjoba, mai raba gidan da layin waje gaba ɗaya kafin ya karɓi wutar batir.

Kasuwar kanta tana buƙatar ido, domin araha ba ta ado. Akwai akwatunan da ake cusa wa tsofaffin ƙwayoyin batir da aka ciro daga kwamfutoci ko baburan lantarki a manna musu lambar da ba su kai ba, kuma nauyi yakan tona su, tunda batirin LFP na yunit guda tare da inbatarsa da wuya ya gaza kilo goma. Hukumar SON ce ke da alhakin tantance ingancin kayan da ake shigowa da su, amma kariyar da ta fi kusa da mai saye ita ce takardar garanti mai sunan wakili a cikin Nijeriya, da tambayar inda ake kai na'urar idan ta lalace, domin masu gyaran waya da kwamfuta suna da basira, sai dai allon da ke cikin kowane samfuri na kamfaninsa ne kaɗai, ba a samunsa a kan tebur. Daga nan sai batun inda akwatin zai ƙare. Ana haƙar ma'adinin litiyam a Jihar Nasarawa da ke jikin Abuja, an kuma buɗe masana'antar sarrafa shi a can a 2024, shekarar da hukumar NESREA mai kula da muhalli ta fito da ƙa'idojin kula da batura tun daga shigo da su har zuwa zubar da su, amma ƙwayoyin batirin da ke cikin waɗannan rumbuna daga waje suke zuwa a ƙere. Tsohon batirin dalma yana da mai saye, domin baban bola yana biyan kuɗi a kansa saboda dalmar da za a narke, batirin LFP kuwa babu kobalt ko nikel a cikinsa da za su ja hankalin mai sayen kayan jari, don haka ya fi fuskantar a jefa shi cikin shara ya ƙare a juji irin na Gosa, inda matsi da zafi za su iya tayar da gobara daga ragowar wutar da ke cikinsa. Akwatunan da aka saya da yawa bayan cire tallafin mai a 2023 za su fara kaiwa ƙarshen zagayensu ne a farkon shekarun 2030.